Yadda Yaya Ya Koya Wa Babur Ɗina Tafiya a Hankali

Mu duka na Allah ne, kuma ɗaya bayan ɗaya yake kiranmu. Ranar Talatar da ta wuce aka kira Yaya, wana uwa ɗaya uba ɗaya, ya amsa. An yi masa sutura bayan azahar.

Na ga mutane iri-iri a wurin zaman makoki. 'Yan acaɓa sun zo da yawa, kuma kowannensu tun daga bakin titi yake kashe mashin ya turo da hannu, ba wanda ya ce su yi haka. Wani Alhaji da ya yi ritaya daga aikin gwamnati ya zauna kusa da ni, ya jingine sandarsa, ya ce, "Malam, shekara talatin ba wanda ya taɓa kunce mini babur sai shi." Na ce, "Alhaji, ai yanzu mota gare ka." Ya ce, "Ita ma shi nake fara kai wa ya saurara, sannan in kai wa masu ita." Wata tsohuwa mai markaɗe ta aiko daga cikin gida a tambaye ni wa zai riƙa duba mata inji, ni da ko fulogi na taɓa sai na ƙona yatsa. Liman ya yi addu'a, ya ce marigayi mutum ne mai haƙuri. Na ce amin da ƙarfi, amma a raina na ce Liman bai taɓa kai masa babur da baƙin mai ya ƙafe a ciki ba.

Matar Yaya ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Da na shiga yi mata gaisuwa sai ta nuna mini ƙyauren ɗakinta, inda shatin hannunsa na baƙin mai yake. Ta ce shekara arba'in tana faɗa a kan wannan, yanzu kuma kada wanda ya kuskura ya goge mata.

Kowa da abin da ya tuna. Ni abin da nake so in ajiye a takarda, kafin in manta ko in ƙara masa gishiri kamar yadda na saba, shi ne babban aikinsa na ƙarshe. A kan babur ɗina ya yi shi, amma ba babur ɗin ne damuwar ba. Ƙafar mai ɗakina ce likita ya ce in ba a tashi tsaye ba za a yanke ta.

Yaya ya girme ni da shekara goma sha ɗaya. Ni ne auta, kuma har ya koma ga Allah Auta yake kirana, ga furfura fal a gemuna. Shi ya koyi gyaran babur tun yana saurayi, ya kafa gareji a gindin wani rimi kusa da Ƙofar Kibo. Ni kuwa aji uku na yi a firamare na ga ba da ni ake ba, na bi kasuwa na zama dillalin hatsi. Ban iya lissafin takarda ba, amma in na kalli buhu daga nesa zan gaya maka tiya nawa aka zare a ciki.

Duk wanda ya kai wa Yaya babur, ba ya fara taɓawa. Sai ya tambaye ka, "Ina kake zuwa da shi, kuma wa kake goyawa?" In ka amsa sai ya ce ka tayar. Ya ɗora bakin sukundireba a jikin inji, ya kanga ƙotar a kunnensa, ya rufe ido. A wannan lokacin ko gaisuwa ba ya amsawa. Ya taɓa barin wani hakimi tsaye da hannu a miƙe.

Ina da shekara sittin na sayi babur ɗin, na hannu, daga wani mutumin Kaduna. Irin manyan nan ne masu dogon hannun tuƙi kamar ƙaho da kujera mai faɗi a ƙasa-ƙasa, waɗanda mutum ke zama a kai kamar ya kishingiɗa, ƙafafu a gaba. Har da abin jingina baya ga wanda aka goya. Mai ɗakina ta ce tsufa ne ya zo mini da wauta. Yaya ya zagaya shi sau biyu, ya saurara, ya ce, "Wautar ta yi sa'a, injin lafiya lau. Kada ka taɓa masa komai."

Wata biyu na yi ban taɓa ba. Sai wani abokina da ke koyarwa a jami'a, nan unguwar Kongo, ya nuna mini wasu Turawa a waya, masu gemu irin nawa, a kan babura irin nawa, suna ruri kamar hadarin gabas. Ya ce, "Alhaji, naka an shaƙe shi ne. Ka buɗe masa numfashi ka ga aiki." Shi bai taɓa hawa ko keke ba, amma yana da digiri biyu, ni kuwa aji uku. Na zagaye Yaya na tafi wurin wani mai walda a Tudun Wada. Aka cire salansa aka sa wasu bututai masu faɗin da hannun yaro zai shiga. Aka cire akwatin tace iska, aka ƙara buɗe hanyar mai a kafireto, inda mai ke haɗuwa da iska. Da na tayar, kajin unguwar suka watse. Na ji daɗi ƙwarai.

Tun ina Ƙofar Doka Yaya ya ji ni. Da na iso bai ɗago ba, ya ce, "Kashe."

Na kashe.

"Ina salansar?"

"Na ba 'yan gwangwan."

Ya ajiye sifana, ya wanke hannu, ya tafi masallaci alhali saura awa guda a kira sallah. Daga ranar muka yi wata bakwai daga "ina kwana" sai "lafiya lau". A wurin suna ko ɗaurin aure, in goro ya biyo ta hannunsa sai ya miƙa wa na kusa da ni ya ba ni.

Ba zan yi wa bututan nan ƙarya ba, a titin Kaduna sun yi aiki. Da allurar gudu ta haura sai babur ya miƙe, in wuce motocin haya ina ɗaga musu hannu. Amma ni ba a titin Kaduna nake kwana ba. Gidana yana can cikin lungu, taku ɗari biyu daga titi, kwana uku, da wata kwata da aka ɗora wa katako. A nan babur ya zama ragon banza. In na tafi a hankali sai ya yi tari ya mutu. In na murza totur don kada ya mutu sai ya fizge ni. Haka nake shiga ina fita, ina wasa da kuloci, ina jan ƙafa a ƙasa kamar mai koyo.

Ana cikin haka mai ɗakina, wadda ta daɗe da ciwon suga, ta taka ƙusa a tsakar gida. Ciwo ya ƙi warkewa, ya zama gyambo. Likita a asibiti ya ce sau uku a mako za a riƙa wanke shi, kuma kada ta taka ƙafar. Keke mai ƙafa uku ba ya shiga lungunmu. Ɗan acaɓa kuwa ta ce ba za ta hau bayan ƙaton da ba ta sani ba, kuma ko ta yarda ba za ta iya ɗaga ƙafar zuwa kujerarsu ba. Maƙwabta sun ɗauke ta a kujera sau ɗaya zuwa bakin titi, mata suna leƙe. Ta ce ita ba gawa ba ce, ba za a sake ba. Ya rage babur ɗina.

Mako na farko mun sha da ƙyar. A mako na biyu, daidai kwanar katakon nan, babur ya fizga sannan ya mutu, muka karkata. Ta kai ƙafa ƙasa don ta tare, kuma mai ciwon ta kai. Ba ta yi ihu ba. Ta dubi bandejin yana jiƙewa da jini, ta ce, "Malam, mai da ni gida." A ɗaki ta ce ta hau wannan abin na ƙarshe, in ƙafar ce a yanke.

Kwana tara ba a wanke ciwon ba sai abin da muke yi da ruwan gishiri. Ɗaki ya fara wari. Na je na sami likitan ni kaɗai, ya cire gilashi ya ce, "Baba, in ta ƙara mako guda a gida, maganar yatsu ta wuce, daga gwiwa za mu yi magana."

Daga asibitin ban biya gida ba. Tun daga nesa na kashe babur na tura shi har gindin rimi. Na tsuguna, da girmana, na faɗa wa Yaya komai. Bai ce ai na gaya maka ba, kuma da ya faɗa da na fi samun sauƙi. Ya sunkuya ƙarƙashin bencinsa ya jawo wani abu a naɗe cikin buhun siminti. Salansata ce, da akwatin tace iskar. Ashe tun a ranar ya bi 'yan gwangwan har inda suke tara kaya ya karɓo.

Ya ce, "Zauna, Auta, yau ka yi aji huɗu. Ƙarfin inji iri biyu ne. Akwai wanda ba ya zuwa sai ka murza totur inji ya yi ta kururuwa, wannan na gudu ne. Akwai wanda yake nan tun daga tashi, kamar sa ya sunkuyar da kai ya ja garma. Kai ka ba da na biyun ka karɓi na farkon, a garin da ba inda za ka yi gudu."

Na ce a sa masa babban fistin mana, na ji an ce yana ƙara ƙarfi.

Ya ce, "Yana ƙarawa. Sai an kai bulok, gidan fistin ɗin, Kaduna an rarake, a dawo, a haɗa, ka yi mako biyu kana lallaɓa shi. Ƙafar za ta jira ka? Akwai kuma sandar da ke buɗe bawul, ƙofofin numfashin inji, in an sami mai rufewa da wuri ja yana ƙaruwa, amma irin ta wannan babur sai an aika Legas. Bar su. Za mu mai da masa abin da ka cire, hayaƙi ya riƙa fita ta ƙaramar hanya da sauri. In rage masa man da ke shaƙe shi. In bai isa ba mu taɓa sufuroket, faifan haƙoran nan da sarƙa ke ja." Sai ya kau da kai ya dubi ganuwa, ya yi ƙasa da murya. "Buhu nawa?"

Wanda ba ɗan gida ba ba zai gane tambayar ba. Tsakanin wan miji da matar ƙane akwai kunya. Shekara talatin da takwas mai ɗakina ba ta taɓa haɗa ido da Yaya ba. In ya shigo za ta durƙusa daga nesa ta gaishe shi ta shige ɗaki, shi ma bango yake amsa wa. Ba zai iya cewa a kawo ta a gwada ba, ba zai iya tambayar nauyinta da baki ba. Shi kuwa ba ya sakin babur sai ya gwada shi da nauyin da zai ɗauka. To, sai aka koma harshen kasuwata.

Na ce, "Rabin buhu. Da 'yar ɗori."

Har yau ina tambayar kaina dalili. Ina jin tsoro na ji kada magana ta zaga ta koma kunnenta, ni da kullum nake ce mata tana nan yadda na auro ta. Yaya bai musa ba, don bai taɓa kallonta ba balle ya sani. Ya yi aikinsa har la'asar, aka ɗaure rabin buhun masara a baya, babur ya tafi sumul. Ya ce ba sai an taɓa sufuroket ba, in tafi.

Na koma gida da murna, mai ɗakina ta ce ko da zinariya aka gyara shi ba ta hawa. Washegari matar Yaya ta zo lallashi. A zaure ta ga rabin buhu ɗaure a bayan babur, ta ce, "Auta, wannan fa?" Na ce madadin ƙanwarta ne. Ta dubi buhun, ta dube ni, ta yi dariya har sai da ta zauna a dakali. Ta ce, "Wannan ai ƙafarta ɗaya ce. Allah ya shirye ka, mijina."

Bayan azahar sai ga Yaya a ƙofar gidana, karo na farko cikin wata bakwai, da jakar kayan aiki da sabuwar sarƙa a wuya.

"Kai ne dillalin hatsi?"

"Ni ne, Yaya."

"Kai ne mai kallon buhu ka faɗi tiyar da aka zare?"

Na matsa na ba shi hanya ya shigo zaure.

"Da ta hau jiya, a kan katakon nan za ku sake zubewa. Ka ci mata kwana guda a banza. Buhu nawa?"

"Guda. Da tiya huɗu."

Aka kawo buhu guda da tiya huɗu. Gaskiyarsa ce, da na zo hawa katakon sai babur ya yi nishi, na kai hannu kuloci. A nan cikin zaure ya kwance ƙafar baya. Ya sa sufuroket mai ƙarin haƙora huɗu, ya ɗaura doguwar sarƙa, ya sake murɗa ƙananan sukurorin kafireto yana saurare da ido a rufe. Ya ce, "Ka sani, gudu ya tafi. Ba za ka ƙara wuce kowa a titin Kaduna ba." Na ce ko jaki ya wuce ni na yafe.

Gwajin da ya yi mini ban taɓa ganin irinsa ba. Ya ce zai taka da ƙafa daga ƙofar gida zuwa titi, ni in bi shi a giyar farko. Kada in wuce shi, kada in taɓa kuloci, kada in sa ƙafa a ƙasa. In na yi ɗaya daga ciki a koma farko. Muka yi ta yi, mutanen lungu suna kallon tsoho yana bin tsoho da buhun masara. Babur yana bugawa a hankali, dum, dum, dum, ba tari ba fizga. Yaya yana ta rage sauri, wani lokaci har ya dafa bango. Na ɗauka mugunta ce yake yi mini don in sha wuya. Ban san numfashinsa ne yake ɗaukewa ba. Daga baya matarsa ta ce ya fi wata uku yana ɓoyewa.

A zagaye na tara ya ce ya yi. Saura mai hawa.

Ya tsaya a zaure, ya juya wa labule baya, ya fuskanci bango, ya ce, "A faɗa wa mutanen gidan nan an gyara babur."

Matar Yaya tana ciki. Muka ji ƙus-ƙus, sannan ta ɗaga murya: "An ce a gode. An ce ba a yarda da babur ɗin ba, mai tuƙin ma haka."

Yaya ya ce, "A ce ni ma ban yarda da mai tuƙin ba. Shi ya sa zan tafi a gabansa. In ya fizga, ni zai fara bugewa."

Aka sake ƙus-ƙus. Can sai matar Yaya ta ce, "An ce a kawo mayafi."

Haka muka fita da yammacin nan. Yaya a gaba, hannu a baya, bai waiwaya ko sau ɗaya ba. Ni a tsakiya gumi yana bin gemuna. Mai ɗakina a baya ta riƙe rigata kamar za ta yaga. Muka haye katakon kamar ba shi. A bakin titi Yaya ya matsa gefe ya dubi wani shago, muka wuce. Likita ya ga ƙafar ya yi faɗa sosai, ya ce yatsu biyu sun riga sun tafi, sauran kuma sai abin da hali ya yi.

Litinin, Laraba, Asabar. Duk ranar wankin ciwo, ƙarfe bakwai Yaya yana ƙofar gidana. Na ce masa hannuna ya faɗa, ya huta. Ya ce ba ni aka yi wa alkawari ba. Mako biyar yana wannan tafiya, kullum tana ƙara tsawo. Ranar wata Laraba bai zo ba, matarsa ta aiko cewa ya kasa tashi. Na shiga na faɗa wa mai ɗakina, ina jiran ta ce to an fasa. Ta ɗauki mayafinta ta ce, "Ka yi tafiyarsa."

Muka ci gaba mu biyu. Yaya yana kwance, ciwon zuciya ne, ƙafafunsa sun kumbura. Kullum na je duba shi ba ya tambayar kowa sai babur. Sarƙa ta saki? Da safe yana tashi bugu ɗaya? Na san abin da yake tambaya, shi ma ya san na sani, sai in ce babur yana samun sauƙi, nama ya fara cikowa.

Ranar da likita ya kwance bandeji ya ce ciwo ya rufe, ba sai mun dawo ba sai bayan wata, na goyo mai ɗakina har muka shigo ganuwa. Sai ta taɓa kafaɗata ta ce in bi ta Ƙofar Kibo. A ƙofar gidan Yaya na miƙa mata hannu, ta ture. Ta sauka, ta taka zaure, ta taka tsakar gida, tana ɗingishi, har bakin ɗakinsa. Ba ta tsaya daga nesa ba, ta shiga ta durƙusa a gaban gadon.

Yaya ya ji muryar gaisuwar, ya juya fuska bango. Ya ce wa matarsa, "Ki tambaya ko babur ɗin yana fizga."

Matarsa ta buɗe baki, mai ɗakina ta riga ta.

"Ba ya fizga, Yaya. Ga ƙafar. Da ita na shigo."

Yaya ya daɗe yana kallon bango. Sannan a hankali ya juyo, ya dubi ƙafar, mai yatsu uku, da tabo baƙi a tafinta. Ya dube ta da kyau, yadda yake duba aikin da zai sallama. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ki riƙa sa takalmi a tsakar gida."

Ta ce, "To, Yaya."

Iyakar hirar da suka taɓa yi ke nan a duniya. Bayan kwana goma ya rasu.

Allah ya jiƙan Yaya, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka makwancinsa. Yadda ya rage sauri don wani ya isa lafiya, Allah ya sauƙaƙa masa tasa tafiyar. Mu da muka rage, Allah ya sa mu cika da imani. Wanda ya karanta wannan, don Allah ya yi masa Fatiha.